Kular ƙanƙara ko firijin mota: wanne ya dace da tafiyar iyali a lokacin zafi?

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato, Maiduguri, Damagaram da Kano yana kaiwa digiri 40, wasu ranakun ma ya haura. Motar da aka bari a rana da gilasai a rufe kuwa, cikinta na iya wuce digiri 60. A haka ne magidanci zai kwashi iyali zuwa garinsu hutun Sallah, ko a kai yara Yankari su kwana biyu su yi wanka a Wikki, ga kunun aya, ga miya, ga abincin jariri, wataƙila har da allurar insulin ta wani dattijo. Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa: abincin da ke saurin lalacewa ya zauna a ƙasa da digiri 5. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a wannan tsakanin ba, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa 1 kawai.

Abu uku ake samu a kasuwa don wannan aiki: kula da ake zuba wa ƙanƙara, akwatin sanyi mai fanka, da firiji mai kwamfaresa. Na biyu da na uku duk a soket ɗin laitar mota ake jona su, kuma masu shago sukan kira su duka firijin mota, alhali aikinsu ya sha bamban ƙwarai.

Wanda za a fara cirewa daga lissafi

Akwatin mai fanka ba shi da gas, ba shi da kwamfaresa. A murfinsa akwai wani ɗan faranti mai suna Peltier, wanda in wuta ta bi ta cikinsa gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi, fanka kuma ta kore zafin waje. Ba shi da nauyi, ga araha, shi ya sa yake jan ido. Matsalarsa ita ce iyakar ƙarfinsa ya rage digiri 15 zuwa 20 daga zafin wurin da aka ajiye shi. A ƙasar da rana ke tsayawa a digiri 25, wannan ya kusa wadatarwa. A but ɗin mota mai digiri 42, cikinsa zai tsaya wajen 24: ruwa zai ɗan yi daɗin sha, amma nama da nono suna tsakiyar haɗari. Sannan yana jan amp 4 zuwa 5 ba hutawa. Batirin ƙaramar mota yawanci 60 Ah ne, wato zai iya ba da amp 1 na tsawon awa 60, to in aka bar shi a jone awa 6 inji a kashe, ya sha kusan rabin batirin, da safe sai turi. Gane shi ba wuya: bai kai mai kwamfaresa nauyi ba in babu komai ciki, babu wurin saita sanyi zuwa ƙasa da sifili, takardarsa kuma tana cewa ne yana sanyaya ƙasa da zafin waje da digiri kaza. In dai ba lemon da aka riga aka sanyaya za a ajiye a cikin mota mai iyakwandishan ba, kuɗinsa ya fi amfani a kula mai kyau.

Kula: rabin aikin a gida ake gama shi

Mutane da yawa sun yanke ƙauna daga kula ne saboda yadda suke shirya ta, ba don ta gaza ba. Kilo 1 na ƙanƙara yana da adadin zafin da zai iya shanyewa kafin ya narke, ba ya ƙaruwa. Sauko da lita 10 na ruwa daga digiri 35 zuwa 5 yana cin kusan kilo 4 na ƙanƙara. Ke nan wanda ya zuba katan ɗin lemo mai ɗumi a kula da asuba ya riga ya kashe babban kaso na ƙanƙararsa tun bai fita gari ba. Duk abin da zai shiga kula ya kwana a firiji tukuna, abin da zai jure daskarewa kuma, irin su miya, ɗanyen nama, zoɓo da kunun aya, a daskarar da shi, ya zama shi ma ƙanƙara ne. Ita kanta kular, in a sito mai zafi take zama, a jefa mata ledar ƙanƙara biyu ko uku tun dare a rufe, da safe a zubar, sannan a fara lodi.

Ƙanƙarar da ta fi dacewa da tafiya ita ce daskararren fiya wata da robobin ruwa. Jakar fiya wata ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita, wato kilo 10 na ƙanƙara wadda in ta narke ruwan sha ce, kuma ba ta jiƙa abinci. Sai dai ƙananan leda sun fi saurin narkewa, don haka a haɗa da robobin lita 1.5 guda huɗu ko biyar a shimfiɗa a ƙasa. A bar sarari kamar yatsu huɗu a wuyan roba, domin ruwa na kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma in ya daskare, ya fasa robar. A fara daskararwa kwana 2 kafin tafiya. Robar da aka saka jiya da dare bayanta ne kawai ya kama, tsakiyarta ruwa ne. In wutar unguwa ba abin dogaro ba ce, a kai wa masu sana'ar ƙanƙara su daskarar.

Dunƙulen ƙanƙarar kasuwa, wadda ake fasawa da guduma, ita ce ta fi kowace daɗewa saboda girmanta. Amma ba a san da ruwan da aka yi ta ba, kuma an ja ta a ƙasa an naɗe ta a buhu. A saka ta a leda mai kauri, kada ta shiga kofi, kada ruwanta ya taɓa abin da za a ci ba dahuwa. Amai da gudawa a tsakiyar hanya, ga ƙananan yara, ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Yawan da ake so shi ne kashi biyu ƙanƙara, kashi ɗaya abinci, in ana son ta wuce kwana ɗaya. Wannan ne babban raunin kula, kuma ya kamata a san shi kafin a saya: kula mai lita 45 abincin da za ta ɗauka da gaske bai wuce lita 15 ba. Jerin lodi kuwa: manyan robobi a ƙasa, ɗanyen nama a kansu cikin mazubi mai murfin da ba ya yoyo, sai dafaffen abinci, sai ledojin fiya wata a cike duk wata kafa har sama. Sanyi ƙasa yake sauka, don haka ƙanƙarar saman ce ke kare abin da ke tsakiya. In sarari ya rage, a cusa tawul mai tsabta, domin iskar da ke ciki ita ke fita duk buɗewa, mai zafi ta maye gurbinta.

Buɗewa ita ce ke cinye ƙanƙara a motar da ke da yara. Maganinta kula biyu: ƙarama mai lita 10 zuwa 15 a kusa da uwargida don ruwa da lemo, a buɗe ta sau nawa aka ga dama, babba a baya don abinci, ba a taɓa ta sai lokacin cin abinci. Ruwan da ya narke a ciki kada a yi saurin zubar da shi, yana nan kusa da sifili kuma ya fi iska riƙe sanyi. A tsiyaye shi ne kawai in za a ƙara sabuwar ƙanƙara, ko in ya fara barazanar shiga abinci.

Wajen saye, a duba murfi kafin komai. Kuloli masu araha da yawa jikinsu na da soso a ciki amma murfin fanko ne. In aka ƙwanƙwasa za a ji. A nemi mai roba zagaye da bakin murfi, mai maƙalli da ke matsewa, mai ƙofar tsiyaye ruwa a ƙasa. Kaurin bango ya kai santimita 3, in da hali 5. Kular da ake zuba shinkafar biki an yi ta ne don riƙe zafi na 'yan awoyi, za ta yi tafiyar yini, ba za ta yi ta kwana biyu ba. Matsakaiciyar kula irin ta Coleman ko Igloo, in an shirya ta yadda aka faɗa kuma tana inuwa, takan riƙe ƙanƙara yini da kwana a zafin bazara. Masu kaurin bango irin Yeti sukan kai kwana 3 ko fiye, sai dai tsadarsu ta kusa ta ƙaramin firiji, ga nauyi.

Akwai kuma hanyar rage wa kula kaya tun farko. Kilishi, dambun nama da ya soyu ya bushe, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa da garin kwaki ba sa neman sanyi. Ruwan sha ma ba dole sai ƙanƙara ba: jarkar da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu aka rataye inda iska ke kaɗawa tana sanyi ta hanyar da salka da randa ke yi, ruwan da ke bushewa a jiki yana tafiya da zafi. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Dabarar na aiki sosai a busasshiyar iskar rani, tana adana tumatir da ganye a masauki, amma ba ta kaiwa digiri 5, kuma da damina ko a kudu mai laima ƙarfinta kaɗan ne. Nama da magani ba nata ba ne.

Firiji mai kwamfaresa, da tambayar wa zai ba shi wuta da dare

Wannan firijin gida ne aka ƙanƙanta, yana aiki da bolt 12 ko 24 na mota, yawanci har da wayar jonawa a wutar gida. Ana saita masa digirin da ake so, daga kamar 10 har zuwa 18 ko 20 ƙasa da sifili, kuma zai riƙe digiri 4 ko da waje ya kai 40. Lita 40 ɗinsa duka na abinci ne, babu kason ƙanƙara, babu abin da zai jiƙe. Dometic da Engel su ne tsofaffin sunaye masu tsada, Alpicool da ire-irensa na Sin sun fi sauƙin kuɗi. Nauyin mai lita 35 zuwa 45 yakan kai kilo 12 zuwa 18 babu komai a ciki.

In kwamfaresa na juyawa yana jan wat 45 zuwa 60, amma yana kamawa yana saki. A yini da kwana, a zafi irin namu, a yi lissafin 300 zuwa 600 Wh (Wh ɗaya shi ne wat 1 na tsawon awa 1) in an saita shi a digiri 3 ko 4. In aka mayar da shi firiza, cin wutar na iya ninkawa. Muddin inji na aiki babu damuwa, altaneta ba ta jin wannan nauyin. Matsala na farawa ne da an kashe mota. Yawancin Toyota da Honda suna yanke wutar soket da an zare makulli, sai firiji ya mutu ba wanda ya lura, a dawo daga salla da cin abinci a tarar ya ɗumama. Wasu motocin kuma soket ɗinsu na nan da wuta ko yaushe, sai firiji ya kwana yana tatsar batirin tayar da inji. Batirin 60 Ah a takarda 720 Wh ne, amma an ƙera shi don ya ba da ƙarfi mai yawa na daƙiƙu kaɗan, zuƙe shi sosai sau da yawa yana kashe shi. Saboda haka firijin kirki na da mataki uku na kariyar batir, ƙasa, tsakiya da sama. In a batirin mota aka jona, a saka shi a na sama, don ya kashe kansa tun da sauran abin tayar da inji. Ma'anar wannan ita ce ba zai kai safiya yana aiki ba, sai dai ya zauna a rufe da sanyin da ya tara.

Wanda zai kwana inda babu wuta, dole ya sayi abu na biyu. Mafi sauƙi shi ne akwatin ajiyar wuta irin na EcoFlow, Bluetti ko Jackery. Mai 500 Wh zai riƙe firiji tun magariba har gari ya waye da rara, amma da ƙyar ya cika awa 24 a tsananin zafi. Mai 1,000 Wh ne ke ba da kwanciyar hankali. A zaɓi mai batir nau'in LiFePO4, ya fi jure zafi kuma yana kai caji wajen 3,000 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Yadda ake haɗawa: soket ɗin mota ya shiga akwatin, firiji kuma ya sha daga ƙofar bolt 12 ta akwatin, ta haka kashe inji ba ya shafar firiji. Kada a jona shi ta ƙofar wutar gida ta akwatin, domin inbata na cin nata kason ko firiji na hutawa. Kuskure na biyu da ake yawan yi: wasu akwatunan na da tsarin tsimin wuta da ke rufe ƙofa in sun ji ba a jan komai na ɗan lokaci, kuma kwamfaresa in ya huta haka suke ɗauka. A shiga saiti, ko manhajar akwatin ta wayar salula in yana da ita, a kashe wannan tsari kafin a kwanta. Caji daga soket ɗin mota wajen wat 100 ne, wato awa 5 zuwa 6 na tuƙi kafin mai 500 Wh ya cika, in firiji ba ya sha a lokaci guda. Tafiyar Kano zuwa Maiduguri, mai kusan kilomita 600, ta isa wannan. Zirga-zirgar cikin gari ba ta isa ba. Farantin sola mai naɗewa na wat 100 yakan ba da 350 zuwa 400 Wh a rana mai haske in ana juya shi yana fuskantar rana, ƙurar hunturu kuma na rage wannan, sai ana gogewa.

Yawancin ƙorafin da ake yi cewa firiji ya lalace, matsalar wayar wuta ce. Soket ɗin baya na mota siririyar waya ke kai masa wuta, da kwamfaresa ya yunƙura sai bolt ya faɗi, firiji ya ɗauka batir ya yi ƙasa, ya nuna E1 ko F1 gwargwadon kamfani, ya tsaya. Filogin laita ma girgizar hanya na sassauta shi, ya yi zafi har ya narke. Gyaran dindindin shi ne mai gyaran wayar mota ya ja waya mai kaurin milimita 4 ko 6 murabba'i kai tsaye daga batir, da fis na amp 15 dab da kan batirin, ba can ƙarshen waya ba, domin in waya ta goge a jikin ƙarfe fis ɗin ne zai hana gobara. A bar sararin santimita 5 zuwa 10 a gefen da iska ke fita, kada a jingina masa jaka ko bargo. A rufaffen but na ƙaramar mota zafi na taruwa, kwamfaresa ba zai huta ba. A Sienna ko Sharon, inda bayan mota ke shan iyakwandishan, aikinsa ya fi sauƙi. A kunna shi da wutar gida tun daren tafiya, a loda masa kaya masu sanyi. Kuma kula ce ko firiji, in ya cika yakan kai kilo 40 ko fiye: a ɗaure shi da bel mai matsewa, kada birki na gaggawa ya jefo shi kan yara.

In akwai magani ko jariri

Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. A kula, haɗarin daskarewar ya fi na zafi: kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara, a naɗe ta a ƙyalle a saka a ƙaramin mazubi can sama. A firiji a saita digiri 4 ko 5, a nisanta ta daga bangon ciki, domin nan ne ya fi sanyi. Yawancin nau'o'in da aka riga aka buɗe suna jure kimanin kwana 28 a ƙasa da digiri 30, amma a tabbatar da na wanda ake amfani da shi a wurin likita ko mai kemis. Nonon uwa da aka tatsa yana yin awa 24 a kula mai isasshiyar ƙanƙara. Madarar gwangwani kuwa kada a dama ta tun gida. A tafi da garin da filas na tafasasshen ruwa, a haɗa lokacin da jariri zai sha. Ko wanne aka zaɓa, a sayi ɗan ma'aunin sanyi na firiji a jefa ciki. Hannu ba ya bambance digiri 4 da 12.

To wanne za a saya?

Iyalin da tafiyarsu ta yini ɗaya ce, Kano zuwa Abuja, Katsina zuwa Maraɗi, ko ma kwana ɗaya a hanyar Legas, sau biyu ko uku a shekara, kula biyu da jakar daskararren fiya wata sun ishe su, kuma babu abin da zai lalace a hanya. Ko tafiyar ta kai kwana uku, in ana ratsa manyan garuruwa ana samun ƙanƙarar ƙari, kula ce dai. Firiji na cancantar kuɗinsa ne a hali uku: za a wuce kwana 2 inda babu ƙanƙarar saye, ko akwai maganin da ba a wasa da sanyinsa, ko kuma mutum kusan kowane wata yana kan doguwar hanya. Wanda ya faɗa cikin waɗannan ya haɗa kuɗin firiji da na akwatin wuta da na jan waya a lissafi ɗaya, domin firiji shi kaɗai rabin kaya ne. Ƙarin riba ita ce in an dawo gida, firijin da akwatin wutar za su ci gaba da aiki duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ga mutum biyar zuwa shida, lita 40 zuwa 45 ya isa in ruwan sha na cikin ƙaramar kula daban.

In ɗan kwatano za a saya, kada a biya sai an gwada. In an kawo shi a kwance, a tsayar da shi awoyi kaɗan man kwamfaresa ya koma mazauninsa kafin a kunna. A jona shi da batir, ba wutar shago kaɗai ba, don a ga ɓangaren bolt 12 na aiki. A saita sifili, a saka ma'aunin sanyi a ciki, a rufe: lafiyayye in babu kaya yakan sauko kusa da sifili cikin minti 30 zuwa 45, sannan a ji kwamfaresa ya tsaya da kansa. In ya yi awa guda yana juyawa bango bai yi raɓa ba, gas ya zube, kuma ba kowane mai gyaran firiji ne ke da kayan waɗannan ƙananan ba. A ƙarshe a maƙale takarda a bakin murfi a rufe a ja ta ta kowane gefe. Inda ta zare ba turjiya, robar wurin ta saki, kuma ta nan sanyi zai riƙa fita.